Kafin Ka Canza Sikirin Ko Ka Biya Kuɗin "Ruwan Nano", Ka San Inda Aikin Yake



Idan ɗayanmu zai sayi waya, tambayoyinsa sanannu ne: RAM nawa ne, ma'ajiyarta giga nawa ce, kyamarar megafiksel nawa ce, batir zai kwana ko ba zai kwana ba. Idan aka zo kan sikirin kuwa, iyakar abin da muke tambaya shi ne inci nawa ne. Alhali shi ne ɓangaren da idonmu ke kai tun daga farkawa har kwanciya, shi ya fi saurin lalacewa, kuma yana cikin sassan da suka fi cin kuɗi idan aka zo canzawa.

A ganina muna yin asara iri biyu a kan sikirin. Muna tsuke hannu a inda ya kamata mu kashe, wato wajen zaɓen wanda za a sa mana idan namu ya fashe. Sannan muna sakin hannu a inda ba za mu samu abin da aka yi mana alkawari ba, wato wajen ruwan da ake shafa wa gilashi a ce daga yau ya gagari fashewa. Tushen asarar biyu ɗaya ne. Ba mu san cewa babban aikin sikirin yana gudana ne a wata 'yar siririyar shimfiɗa a jikin gilashi wadda ido ba ya gani ba. Duk wanda ya san abin da shimfiɗa irin wannan take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta, da wuya a yi masa wayo a kasuwa.

Wane ruwa ne a cikin LCD?

A makaranta an koya mana cewa abu ko dai ya zama daskararre, ko ruwa, ko iska. A shekarar 1888 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Friedrich Reinitzer, wanda ke aiki a birnin Prague, ya ci karo da abin da bai shiga wannan lissafi ba. Yana dumama wani sinadari da aka samo daga kolestarol, sai ya ga ya narke a wajen digiri 145 ya zama ruwa mai gurɓi-gurɓi kamar tsinkakken koko. Da zafi ya kai wajen digiri 178 sai ruwan ya washe tas. Abu ɗaya, narkewa sau biyu. Ya tura labarin ga wani masanin kimiyya na Jamus, Otto Lehmann, wanda ya raɗa wa abin sunan da ya bi shi har yau. Da Hausa za mu iya kiransa ruwan kiristal, kuma haruffa biyu na farkon LCD daga wannan suna aka ɗauko su.

Ƙwayoyin wannan ruwa dogaye ne kamar tsinken ashana, tsawon kowacce wajen nanomita 2 ne. Idan kana son sanin nanomita, raba milimita ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kashi ɗaya. A ruwa na yau da kullum ƙwayoyi a hargitse suke, kowacce da inda ta dosa. A cikin dutsen kiristal kowacce tana kafe a gurbinta. Ruwan kiristal yana tsakiya: ƙwayoyinsa suna zamewa suna gudana, amma kusan dukkansu gefe guda suke fuskanta, kamar ashanar da ke cikin kwalinta ana girgiza ta.

Halaye biyu ne suka sa ya yi amfani. Na farko, hasken da ya ratsa shi yana sauyawa gwargwadon inda ƙwayoyin suka fuskanta. Na biyu, 'yar wutar lantarki kaɗan ta isa ta juya su. Duk da haka sai da aka shafe shekara 80 kafin a ci moriyarsa. A 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna sikirin na farko da ke aiki da shi. A 1970 Martin Schadt da Wolfgang Helfrich, a birnin Basel na Siwizalan, suka fito da tsarin da ake kira TN, wanda ya shiga agogon hannu da kalkuleta. A 1973 George Gray na jami'ar Hull a Ingila ya fitar da wani sinadari mai suna 5CB, wanda ke aiki a zafin ɗaki ba tare da ya lalace ba. Sai dai shi 5CB yana riƙe halinsa ne daga wajen digiri 22 zuwa 35 kawai. Ka ga da shi kaɗai aka zuba a wayoyinmu, da a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi babu mai ganin komai a sikirinsa da rana. Shi ya sa a yau ake gauraya sinadarai da dama, domin ruwan ya jure zafin da galibi ya haura digiri 70.

Fuskar gilashi ce ke ba da umarni

Sikirin na LCD hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai fitilar baya mai ba da farin haske. Sama da ita akwai wata leda mai tace haske, sai gilashi, sai ruwan kiristal, sai wani gilashin mai ɗauke da ɗigogin launin ja da kore da shuɗi, sai wata ledar tace haske da aka ɗora a gicciye da ta farko. Tunda ledojin biyu a gicciye suke, haske ba zai fita ba sai idan ruwan da ke tsakaninsu ya murɗa shi. Kowane ɗigo ƙofa ce da ruwan ke buɗewa da rufewa. A wayar da ke da fiksel 720 sau 1600, ƙofofin nan sun kai miliyan 3 da dubu 456, tunda kowane fiksel uku gare shi.

Kaurin ruwan da ke tsakanin gilasan biyu bai wuce maikiromita 3 zuwa 4 ba. Silin gashin mutum yana kai wajen maikiromita 70. Wato sai ka tsaga gashi kusan gida 20 kafin ka samu kaurin ruwan da ke nuna maka hoto.

Ga inda maganar take. Ƙwayoyin ruwan kiristal suna son su fuskanci gefe guda, amma ba su san wane gefe ba ne. Idan aka zuba su haka kawai, nan su kalli gabas, can su kalli kudu, sikirin ya fito dabbare-dabbare. Abin da ke nuna musu hanya shi ne fuskar gilashin da suke kwance a kai. A masana'anta ana shafa wa cikin kowane gilashi wata roba mai suna foliyimaid, kaurinta wajen nanomita 100. Daga nan sai a bi ta kanta da wani abin nadi da aka lulluɓe da ƙyallen karan-miski, a goge ta zuwa gefe ɗaya. Gugar tana taje dogayen zarurrukan robar su kwanta sambal, kamar yadda mataji ke kwantar da gashi. Ƙwayoyin da suka taɓa robar sai su kwanta yadda aka taje ta, na samansu su bi su, na sama da waɗannan su bi, har dubban sahu. Kamar fareti ne na 'yan makaranta: idan sahun gaba ya miƙe, na baya duk sun miƙe, idan ya karkace kowa ya karkace.

Wannan dabara ta girmi waya nesa ba kusa ba. Tun a 1911 Charles Mauguin a Faransa ya yi nazarin yadda ruwan ke murɗewa tsakanin gilasai biyu, kuma a shekarun 1940 ɗan ƙasarsu Pierre Chatelain ya yi aiki a kan daidaita shi ta hanyar goge gilashi. Wani Bafaranshen, Pierre-Gilles de Gennes, ya samu kyautar Nobel a 1991 saboda bayanin da ya yi kan yadda tsari ke samuwa a irin waɗannan abubuwa. A 2009 kamfanin Sharp ya fara amfani da haske maimakon ƙyalle wajen taje robar a sikirin ɗin talabijin, saboda ƙyalle yana barin ƙura da ƙananan zane.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe. Lantarki yana juya ƙwayoyin ne kawai. Idan aka ɗauke wutar, abin da ke jawo su su koma mazauninsu shi ne riƙon da fuskar gilashin ta yi musu. Kuma lokacin da komawar ke ɗauka yana da ƙa'ida: idan aka ninka kaurin ruwan sau biyu, jinkirin yana ninkuwa sau huɗu. Sikirin mai 60Hz yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 120Hz kuma duk bayan 8.3. Idan ruwan bai gama juyawa a cikin wannan ɗan lokaci ba, hoton baya zai riƙa bin na gaba kamar inuwa. Shi ya sa za ka ga waya an rubuta mata 120Hz a kwali, amma kana jan shafi rubutu yana dusashewa. Lambar gaskiya ce, ruwan ne bai iya binta ba.

Matsalolin da muka saba gani

Da wannan bayani, abubuwa da yawa da muke ɗora wa "aljanun waya" suna fitowa fili.

Ka danna LCD da ƙarfi ka ga launi yana wasa kewaye da yatsanka kamar an jefa dutse a kududdufi. Ka matse tazarar nan ce ta maikiromita 3. Idan matsin ya daɗe, misali wayar na aljihun baya kana zaune a kanta, ko batir ya kumbura yana tura sikirin daga ciki, tabon zai iya zama na dindindin.

Ka bar waya a gaban mota cikin rana, inda zafi kan iya haura digiri 70, ka dawo ka tarar da baƙin tabo. Abin da Reinitzer ya gani ne ya faru: ruwan ya kai zafin da yake rasa tsarinsa, ya daina murɗa haske. Idan ya huce yakan dawo, amma maimaita hakan yana tsofar da ledojin tace haske, ga kuma illar da yake yi wa batir. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera iPhone ne don a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35. Mu kuwa akwai watannin da ko a inuwa mun wuce haka.

Ka daɗe a kan manhaja ɗaya, ka fita, ka ga alamarta ta rage a sikirin na wasu mintuna. A LCD yawanci datti ne ke jawo haka. Idan ruwan bai tsarkaka sosai ba, ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da caji suna taruwa a jikin robar nan da aka taje, su riƙa ja wa ruwan baya ko bayan an canza hoto. Don gudun haka ne ma ake juya alƙiblar wutar da ke zuwa kowane ɗigo a kai a kai.

Duk sikirin ba ɗaya ba ne

Idan sikirin ya fashe muka je wurin gyara, kalmar farko da ke fitowa daga bakinmu ita ce "wanne ne mai sauƙi?" A kan tebur, a kashe, duk iri ɗaya suke. Ko an kunna na minti ɗaya a cikin rumfa, bambancin ba ya fitowa sosai. Abubuwan da suka raba mai kyau da marar kyau su ne tsarkin ruwan, daidaiton tazarar daga kusurwa zuwa kusurwa, kyan tajewar robar, ingancin ledojin da ƙarfin fitilar baya. Babu ɗaya a cikinsu da ake gani da ido a ranar farko. Sai bayan sati biyu ka shiga rana ka kasa karanta saƙo, ko ka ga gefe ya yi rawaya, ko batir ya fara ƙarewa kafin la'asar saboda kullum haske a ƙure yake. Araha ba ta ado.

Abin ya fi muni idan wayar asalinta OLED ce aka sa mata LCD. Ana yin haka sosai saboda bambancin farashi, kuma sikirin zai kawo hoto, taɓawa za ta yi aiki. Amma LCD ya fi kauri saboda fitilar baya, don haka wani lokaci ba ya zama daidai a gidansa. Idan wayar tana da na'urar karanta yatsa a ƙarƙashin sikirin, galibi ta tashi daga aiki ke nan, domin haske ba zai ratsa fitilar baya ya isa gare ta ba. Agogon da ke nunawa ko waya a kulle, wanda a OLED ɗigogi kaɗan yake kunnawa, yanzu sai an kunna fitila gaba ɗaya.

Ban ɗora laifin nan a kan masu gyara kaɗai ba. Da yawansu idan ka tambaya za su jera maka nau'o'in da ke akwai da farashin kowanne. Mu ne ba ma tambaya, kuma kasuwa tana kawo abin da ake nema ne. Wani zai ce ai ba kowa ke da kuɗin na asali ba, kuma gaskiya ne. Wanda ya zaɓi mai araha da saninsa, ya san zai rasa karanta yatsa, ya san zai sha wahala a rana, bai yi laifin komai ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya biya kuɗin kwano a miƙa masa rariya.

LCD ba abin kunya ba ne

Yanzu yayi ne a raina duk wayar da ba AMOLED ba. OLED yana da fifiko na gaske: kowane ɗigo da haskensa, baƙinsa baƙi ne ƙirin, ya fi siranta, yana sauya hoto da sauri. Apple ma da ya fara da iPhone X a 2017, iPhone SE ta 2022 ce wayarsa ta ƙarshe mai LCD.

Sai dai LCD ma hawa-hawa ne. Tsohon tsarin TN, ƙwayoyinsa suna miƙewa tsaye idan wuta ta zo, shi ya sa launi ke juyewa da ka ɗan karkata wayar. Tsarin IPS, wanda Hitachi ya kawo kasuwa a 1996, yana juya ƙwayoyin a kwance, don haka hoto ba ya canzawa sosai daga gefe. IPS mai kyau ba ya ƙonewa irin na OLED, inda alamar batir ko maɓallan ƙasa ke zama tabo har abada saboda ɗigogin wurin sun tsufa kafin sauran. OLED da yawa kuma suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, abin da ke gajiyar da idon wasu mutane da dare. Uwa uba, canza LCD ya fi sauƙi a aljihu. Ga ɗalibi ko ɗan acaɓa da wayarsa ke faɗuwa sau da yawa, waya mai IPS mai kyau da zai iya sa mata sikirin na ƙwarai ta fi mai AMOLED da ranar da ta fashe sai dai a liƙa mata abin da ya samu.

Mu masu haɗa manhaja ma muna da namu kason. Muna yawan tallata yanayin duhu da cewa yana adana batir. A OLED haka ne, domin baƙin ɗigo a kashe yake. A LCD fitilar baya tana ci ko shafin fari ne ko baƙi, ruwan ne kawai ke tare hasken. Mai LCD da ke son batir ya daɗe, rage haske zai yi. Kuma mu daina zaɓen rubutu mai launin toka-toka a kan fari don ya yi mana kyau a kwamfuta cikin ɗaki. Wanda zai yi amfani da manhajar yana tsaye ne a bakin titi da tsakar rana, da sikirin ɗin da aka canza sau biyu.

Tawada, alif da Kindle

Kafin mu zo kan ruwan nano, sai mun san danginsa. Akwai gaurayen da masana ke kira koloyid: ƙananan ƙwayoyi daskararru ko na mai da ke shawagi a cikin ruwa, ba su narke ba kuma ba su kwanta ba. Madara koloyid ce. Tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro ma haka. Ƙaron yana lulluɓe kowace ƙwayar baƙi ya hana ta manne wa 'yar uwarta, shi ya sa tawadar ke zama sumul. Ruwan rafi mai laka yana daɗewa bai washe ba saboda ƙwayoyin lakar suna ɗauke da caji iri ɗaya, suna tunkuɗe juna. Ka jefa alif, ya kashe cajin, su dunƙule su kwanta. A shekarun 1940 masana huɗu, Derjaguin da Landau a Tarayyar Sobiyet, da Verwey da Overbeek a Holan, suka fitar da lissafin wannan ja-in-ja. A nan ma, fuskar ƙwayar ce ke yanke hukunci.

Sikirin ɗin Kindle koloyid ne da aka sa a aiki. Fasahar E Ink ta fito ne daga jami'ar MIT ta Amurka, aka kafa kamfanin a 1997, Sony ya fitar da na'urar karatu da ita a 2004, Amazon ya biyo da Kindle a 2007. A ciki akwai miliyoyin ƙananan ƙwanso masu faɗin silin gashi, kowanne da ruwa garai da fararen ƙwayoyi da baƙaƙe masu caji mabambanta. Wuta ta zo, farare su hau sama ko baƙaƙe su hau. Da sun isa sai su tsaya a wurin ko an ɗauke wutar, shi ya sa batirin ke yin makonni. Ƙiftawar da shafin ke yi lokaci-lokaci kuma girgiza ƙwayoyin ake yi don waɗanda suka maƙale su saki.

To, ruwan nano fa?

Abin da ake sayarwa da sunan sikirin gad na ruwa, bisa bayanin masu yin sa, ƙananan ƙwayoyin silika ne a cikin ruwa mai saurin bushewa. Ka shafa, ruwan ya tashi, a bar wata shimfiɗa da su da kansu suke alfahari da cewa ta fi gashi siranta sau ɗaruruwa.

Mun riga mun ga cewa shimfiɗa mai wannan siranta tana iya yin babban aiki, amma aikin fuska: ta nuna wa ƙwaya inda za ta kalla, ta sa ruwa ya dunƙule ya gangare, ta rage kama maiƙo, ta sa yatsa ya riƙa sulɓi. Sabuwar waya ma da irin wannan shafin take zuwa daga masana'anta, shi ya sa ɗigon ruwa ke tsayawa a kanta kamar ƙwallo. Idan ruwan nano ya dawo maka da wannan sulɓin na ɗan lokaci, ya yi abin da zai iya.

Tare faɗuwa kuwa aikin kauri ne. Gilashin kariya da ake liƙawa yana da kaurin wajen milimita 0.3, wato nanomita dubu 300. Ya ninka shimfiɗa mai nanomita 100 sau dubu 3. Yana karɓar bugun, ya fashe a madadin sikirin, ka ɓare ka sa wani. Ƙarfin gilashin waya kansa, irin Gorilla Glass na kamfanin Corning, ana samar da shi ne ta hanyar tsoma gilashin a narkakken gishiri mai zafin wajen digiri 400, inda manyan ƙwayoyin fotasiyam ke kutsawa su maye gurbin ƙananan na sodiyam, su matse fatar gilashin. Ba a yin wannan da auduga a kan benci.

Lambar 9H da ake bugawa a kwali ma tana ruɗar mutane. Ma'aunin taurin fensir ne, ma'ana fensir mafi tauri bai karce shi ba. Gilashi na yau da kullum ma yana cin wannan jarrabawa ba tare da an shafa masa komai ba. A ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, gilashin waya yana wajen 6, ma'adanin kwaz da ke cikin yashi kuma 7 ne. Ƙurar hunturu cike take da shi. Abin da ke zane mana sikirin ke nan a aljihu, kuma shafin nano ba zai hana ba.

Ko shimfiɗuwar ma akwai magana. Ka lura da ɗigon shayi ko kofi idan ya bushe a kan tebur, da'ira yake bari, gefe ya fi tsakiya duhu. A 1997 masu bincike a jami'ar Chicago suka bayyana dalili: gefen ɗigo ya fi saurin bushewa, ruwa na kwarara daga tsakiya don cike gurbin, yana kwashe ƙwayoyin zuwa baki. Masana'antu suna kashe maƙudan kuɗi a ɗakunan da ba ƙura don shawo kan irin wannan. Yi tunanin abin da zai fito daga shafawar hannu a cikin kasuwa.

Abin da za ka yi

Idan za a canza maka sikirin, ka fara sanin na asalin wayarka LCD ne ko OLED, sannan ka tambayi mai gyara wane iri zai sa, da abin da za ka rasa. Matambayi ba ya ɓata. Ka nemi a jona shi a gwada kafin a liƙe. Buɗe hoto baƙi ƙirin ka rufe da tafin hannu: idan kana ganin haske toka-toka, LCD ne, OLED ba ya nuna komai. Buɗe fari tas ka duba ko akwai rawaya ko inuwa a gefuna. Karkata wayar hagu da dama ka ga ko launi na juyewa. Fita da ita rana ka karanta saƙo. Gwada karanta yatsa. Ja wata alama ka zagaya da ita ko'ina a sikirin ka ga ko za ta kuɓuce. Sannan ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawowa idan matsala ta fito, domin yawancin aibin irin wannan ba ya bayyana a ranar farko.

Don kariya, gilashin liƙawa da gida mai ɗan tudu a gefuna sun fi kowane ruwa. Kada ka goge sikirin a bushe da gefen riga idan akwai ƙura, ka hure ta tukuna, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi. Ka nisanta shi da omo da bilic da ruwan wanke gilashin taga, domin suna cinye shafin sulɓin da ya zo da shi. Ka raba wayarka da gaban mota da aljihun baya.

Kuɗin da za ka ba mai ruwan nano, ƙara shi a kan kuɗin sikirin ka ɗauki na gaba da mai araha. A nan ne zai yi maka aiki.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.